Fankar iyakwandishan na saman rufi ta lalace: boris kaɗai za a canza ko duka?

"Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kayan wuta da na sanyi a wani ginin ofisoshi. Muna da babbar na'urar sanyi mai tan 10 a saman rufi, irin wadda komai nata ke cikin akwati guda. Wata biyu ke nan tana ƙara da jijjiga, iskar da ke saukowa ta ragu, kuma sau biyu muna sa sabon bel yana cinyewa. Da na buɗe, na ga sandar fanka tana wasa a cikin boris. Shin in canza boris kaɗai, ko in sauya fankar gaba ɗaya? Idan sauyawa ce, yaya ake yi ba tare da an ɓata wani abu ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambaya biyu ka haɗa: me za a canza, kuma yaya za a yi aikin. Akwai ta uku da ba ka yi ba, wadda a ganina ta fi su nauyi, wato me ya kashe boris ɗin tun farko. Boris na irin wannan fanka yakan yi shekaru yana aiki idan ba a takura masa ba. In har ya mutu sanda tana wasa, bel biyu kuma sun cinye cikin wata biyu, to akwai abin da ke cin su, kuma yana nan yana jiran sabon kayan da za ka ɗaura. Bisa alamun da ka faɗa, da wuya boris kaɗai ya wadatar. Mafi ƙaranci sai an haɗa da sanda, kuma ina kyautata zaton fulin moto, wato faifan nan mai rami da bel ke zagayawa a kansa, shi ma ya gama aiki. Bari in bi da kai dalilan.

Abin da fankar ciki ke yi

Fanka iri biyu ce a wannan na'ura. Akwai na sama masu manyan fukafukai, waɗanda ke fitar da zafi daga kwayil na waje, wato naɗaɗɗun bututun da gas ɗin sanyi ke bi ta cikinsu. Akwai kuma ta ciki, wadda ke zuƙo iskar ginin, ta bi da ita ta filta da kwayil mai sanyi, sannan ta tura ta cikin bututu zuwa ofisoshi. Ta cikin ce maganarmu. Tana da gida na ƙarfe mai naɗi irin na katantanwa, a cikinsa akwai ganga mai ƙananan fukafukai birjik, sai sandar da ta ratsa tsakiyar gangar, da boris biyu masu riƙe da sandar, da fuli biyu, ƙarami a kan moto babba a kan sanda, da bel, da moton kansa a kan farantinsa. Idan mai sayar da kaya ya ce maka "fanka gaba ɗaya", ka tambaye shi waɗanne daga cikin waɗannan yake nufi, domin sau da yawa moto da fuli ba sa ciki.

Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kowane tan ɗaya na sanyi (tan a nan ma'aunin ƙarfin sanyaya ne, ba na nauyi ba) yana buƙatar iska kimanin CFM 400, wato kubik ƙafa 400 a minti, wanda ya kai kusan kubik mita 680 a awa. Taka mai tan 10 tana neman kimanin CFM 4,000 ke nan. Idan iskar ta ragu sosai, kwayil ba ya samun zafin da zai tafasar da gas ɗin sanyi. Sai ya fara ƙanƙara, ƙanƙarar ta ƙara toshe hanyar iska, gas ɗin kuma ya koma kwamfaresa yana ruwa. Kwamfaresa tururi aka yi shi ya matsa, ruwa yana wanke masa mai ya kuma karya masa kayan ciki. Saboda haka shawarata ta farko, tun kafin a zo maganar saye: kada ka bar na'urar tana aiki a wannan hali don gudun ƙorafin mutanen ofis. Gyaran fanka ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta da sauya kwamfaresa.

Me ya kashe ta?

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka tsaya ka duba tsohon kayan da kyau, domin da zarar ka wargaza shi shaidar ta tafi.

Abin da na fi cin karo da shi a aiki shi ne bel da aka ɗaure fiye da kima. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina: bel ya fara kuka lokacin tashi, wani ya hau ya ja moto baya har kukan ya tsaya, kowa ya ce an gyara. Alhali duk wannan jan yana kan boris na gefen fuli da boris na gaban moto, dare da rana. Alamarsa ita ce boris na gefen fuli ya mutu, na ɗaya gefen kuma da sauransa. Sai ka tambayi kanka, me ya sa bel ɗin ke kuka tun farko? Yawanci fuli ne ya cinye. Irin wannan bel da gefunansa biyu yake kama fuli, bai kamata ya taɓa ƙasan ramin ba. Idan bangon ramin ya kwarɓe, bel ya nutse, kamunsa ya ragu, sai ya riƙa sulɓewa yana zafi. Ka cire bel ka haska fitila cikin ramin: in ka ga ƙasansa yana ƙyalli, ko ka aza bakin rula a bangon ka ga haske yana wucewa ta tsakiya, fulin ya ƙare. Baƙin gari a ƙasan akwatin, wato tarkacen roba, shi ma shaida ne. Sabon bel a kan tsohon fuli ba ya daɗewa, kuma wannan ya yi daidai da labarinka na bel biyu cikin wata biyu. Fulin moto ya fi saurin cinyewa saboda ƙarami ne, kuma galibi irin wanda ake buɗewa ana rufewa ne don saita gudu.

Sai karkacewar fuli. Idan fuli biyun ba sa kan layi ɗaya, za ka ga gefe guda na bel ya fi cinyewa, wani lokaci har bel ɗin ya juya a cikin rami.

Daga nan ka leƙa cikin ganga. Fukafukanta a lanƙwashe suke, kowanne yana da ɗan rami da yake ɗebo iska da shi. Idan filta ta yage, ko ba ta cika gurbinta ba, ko an taɓa barin na'urar tana aiki ba filta, ƙura tana cika waɗannan ramuka ta daskare. Iska ta ragu tun daga nan, ko da komai lafiya yake. Mafi muni shi ne ranar da wani ɓangaren daskararriyar ƙurar ya ɓalle ya bar sauran: nauyin ganga ya karkata gefe guda, jijjiga ta fara, boris ya shiga shan duka a kowane juyi. Tsatsa ma haka take yi. A yawancin waɗannan na'urori fanka tana bayan kwayil ne, tana zuƙo iska ta cikinsa, don haka farantin tara ruwa yana ƙarƙashin zuƙa. Idan bututun zubar da ruwa ba shi da lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, ko ya toshe, ruwa ba ya fita, sai ya taru fanka ta riƙa fesa shi a jikinta. In ka ga tsatsa a ƙasan gidan fanka, ka bi sawun ruwan.

Giris yana kashe boris ta hanya biyu. Rashinsa kowa ya sani. Yawansa ne mutane ba su cika lura da shi ba: a ɗura har sai ya fasa robar da ke tsare ƙura, daga nan datti ya samu hanya. Haɗa giris iri biyu da ba sa jituwa, kamar mai litiyam da mai foliyuriya, yana sa ya tsinke ya zube ko ya daskare. Wasu boris ɗin kuma a rufe suke tun daga masana'anta, ba a yi musu giris sam.

Akwai wani abu da ya shafi maganarka kai tsaye. Ka ce sanda tana wasa a cikin boris. Wasan iri biyu ne. Ko dai ƙwallayen cikin boris ne suka cinye, sanda da zoben ciki suna motsi tare, ko kuwa sukurun da ke ɗaure zoben ciki a jikin sanda ne ya kwance, sandar tana juyawa ita kaɗai a cikin zoben. Na biyun ya fi ɓarna, domin yana cin sandar har ta sirance a wurin. Ka riƙe sanda ka girgiza ta kana kallon zoben, za ka gane wanne ne.

Moto ma a duba shi ko da yana juyawa. Cire bel ka juya shi da hannu ka ji ko yana gurnani. Auna wutar layuka ukun da ke shiga moton. A ce ka samu volt 400, 408 da 392: matsakaicinsu 400 ne, mafi nisa ya kauce da 8, rashin daidaito kashi 2 cikin 100 ke nan. Ƙa'idar NEMA, ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, ta ce daga kashi 1 zuwa sama a fara rage wa moto kaya, kuma kada a yi aiki da shi idan an wuce kashi 5. Ɗan bambanci a volt yana haifar da bambanci mai ninki shida zuwa goma a amfiya, shi ya sa kwantakta, wato makunnin da ke haɗa wa moto wuta, idan bakinsa ɗaya ya ƙone yake iya dafa moto a hankali ba wanda ya sani.

Boris kaɗai, ko duka?

Boris kaɗai yana isa idan abu uku sun cika: sanda sumul take ba ta sirance ba a mazaunin boris, a miƙe take, ganga kuma ba ta tsage ba, ba ta yi tsatsa ba, ba ta gogi gidanta ba. Ko a nan, biyun ake canzawa tare. Wanda ya rage ya sha jijjigar da ɗan'uwansa ya sha.

A naka yanayin, wata biyu na jijjiga lokaci ne mai tsawo. Ka auna kaurin sandar a mazaunin boris, ka auna a wurin da ba abin da ya taɓa, ka kwatanta. Idan farcenka yana jin gaɓa a wurin, ba sai ka nemi ma'auni ba, sandar ta tafi. Sabon boris a kan siririyar sanda ba ya zama a tsakiya, sukurun zai tura ta gefe, jijjiga ta dawo. Na ga inda aka yi ƙoƙarin cike wurin da walda a goge, kuma ban taɓa ganin ya daɗe ba, domin zafin walda yana lanƙwasa sandar ko da ido bai gani ba.

Ganga kuwa, ka duba cibiyarta inda take kama sanda. Tsaga a wurin, ko kusoshin da suka haɗa cibiya da faifai sun saki, ko fiffike ya lanƙwashe, ko gefenta ya goge saboda ta taɓa gida, duk ɗaya daga ciki ya isa a sauya ta. Ba a miƙe fiffiken ganga da filaya a ce an gyara, an daidaita nauyinta ne a kan inji a masana'anta. Idan datti ne kawai, a wanke ta tas, kowane fiffike, domin rabin wanki ya fi rashin wanki haifar da jijjiga. Za ka ga wasu ƙananan ƙarafa maƙale a wasu fukafukan. Na daidaita nauyi ne, kada a cire su, kada a matsar da su.

Gidan fanka shi ne ya fi daɗewa, sai in ya tsage a wurin ƙafafun boris ko tsatsa ta huda shi. To yaushe ake sayen duka a haɗe? Ra'ayina: idan ganga da sanda da boris duk sun tafi, kuma ana samun haɗaɗɗiyar fanka ta wannan samfurin, ita ta fi. An riga an saita gangar a tsakiya, aikin saman rufi ya ragu, ginin ba zai daɗe ba sanyi ba. Abin da zai hana shi ne nauyi da hanyar hawa da ita, da kuma shekarun na'urar. Idan ta tsufa ƙwarai, kwayil yana yoyo, kwamfaresa ɗaya ya riga ya raunana, ka faɗa wa masu ginin gaskiya kafin su zuba kuɗi a fanka, su san cewa sauran sassan suna kan hanya.

Kafin ka yi oda

Ɗauki hoton farantin bayanan na'urar, lambar samfuri da lambar siriyal duka biyun, domin kamfanoni irin su Carrier, Trane, York da Lennox sukan canza kayan ciki a samfuri ɗaya daga shekara zuwa shekara, kuma samfuri ɗaya yakan zo da zaɓin moto da fuli fiye da ɗaya gwargwadon nauyin bututun da za a haɗa shi da shi. Sannan ka auna abin da ke ciki da hannunka, don mai yiwuwa wani ya taɓa canza wani abu kafin zuwanka: faɗin ganga da tsawonta, kaurin sanda da tsawonta, ɓangaren da ganga ke juyawa, lambar da ke jikin boris da fuli da bel. Bel mai harafin A da mai B faɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai X a lambarsa, kamar AX ko BX, shi ne mai haƙora a ciki, wanda ya fi jure lanƙwasa a kan ƙaramin fuli.

Idan har da moto, ka dace da ƙarfin doki, volt, lambar firam, gudu da kuma Hz ɗin wuta, wato sau nawa take kai da komowa a daƙiƙa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci: moto mai fol huɗu yana juyi kimanin 1,750 a minti a wutar Hz 60, amma kimanin 1,450 a wutar Hz 50. Gudun ganga shi ne gudun moto sau faɗin fulin moto, a raba da faɗin fulin ganga. Da fuli mai inci 4 da mai inci 8, ganga za ta yi juyi 875 a ta farko, 725 a ta biyu. Kayan iri ɗaya ne, iskar kuwa ta ragu da kusan kashi 17 cikin 100.

Ranar aiki

Kashe wuta a makunnin da ke jikin na'urar, ka sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihunka. Kashewa daga na'urar saita sanyi ta cikin ofis ba kashewa ba ce, kowa na iya kunnawa kana da hannu a cikin ganga. Ka auna da mita tsakanin layuka ukun da kuma kowane layi zuwa ƙasa, bayan ka gwada mitar a wuri mai wuta ka tabbatar tana aiki. Wasu na'urorin suna da soket na masu gyara wanda aka ɗauko wutarsa kafin makunni, yana nan da wuta ko an kashe. Idan akwai inbata mai saita gudun moto, kafasitocinta suna riƙe wuta bayan kashewa, ka jira mintunan da aka rubuta a jikinta, galibi 5 zuwa sama, sannan ka auna. In na'urar tana da sashen ɗumama mai gas, rufe gas ɗin. Kada ka hau kai kaɗai. Ƙofofin akwatin suna kama iska, ka ajiye su kwance ka danne, ka shimfiɗa katako a ƙarƙashin kayan nauyi don kada su huda shimfiɗar rufin. Bakin farantan ciki kaifi gare su, safar hannu dole ce.

Kafin kwancewa, ɗauki hoton wayoyi ka yi musu alama. Ƙirga juyi nawa aka buɗe fulin moto ka rubuta. Auna nisan fulin ganga daga ƙarshen sanda, da tazarar ganga daga bakin gida ta kowane gefe. Zana kibiya a jikin gida mai nuna inda ganga ke juyawa. Sannan ka toshe bakin bututun da ke ƙasa da kwali ko katako. Noti ɗaya da ya faɗa ciki zai iya ƙarewa a silin ɗin wani ofis, ko ya zauna yana ƙara har abada.

Sassauta farantin moto bel ya fita da kansa, kada ka ɓamɓare shi da sukurudireba. A wasu samfurori duk sashen fankar yana kan dogo, ana kwance 'yan notuna a jawo shi waje. In taka haka take, ka lura da tsawon wayoyi da inda dogon ya ƙare, don kada nauyin ya rinjaye ka. Wurin da aiki ke cijewa shi ne zare sanda daga ganga. Goge duk tsatsar da ke kan sandar da samfefa har ta yi haske, ka goge tabon da sukuru ya bari da fayil, ka zuba man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci. Yi amfani da fula, wato ƙarfen nan mai ƙugiyoyi da ake jawo abu daga kan sanda da shi, wajen cire fuli da boris. Kada ka doki kan sanda da guduma kai tsaye, bakin zai baje ya ƙi wucewa ta cibiya gaba ɗaya. Tunda dai sandar za a sauya ta, in ta ƙi fita ka yanke ta da zarto a gefen ganga biyu, ya fi sauri kuma gida ba zai lanƙwashe ba. Ganga tana fita ta bakin gida bayan an cire farantin nan da ke tsaye a maƙogwaron fitar iska. Ka kula da yadda yake zaune, domin tazararsa da ganga tana shafar yawan iska da ƙara.

Tunda wurin a buɗe yake, wanke kwayil da farantin ruwa yanzu. Ba za ka sake samun hanya irin wannan ba sai an sake kwancewa.

Wajen haɗawa, abu na farko shi ne fuskar ganga. Ramin fukafukai yana kallon inda take juyawa, kamar yana ɗebo iska ya jefa ta bakin fita. Ana iya sa ganga a juye ta shiga daidai, ta kuma yi juyi, amma iskar ba za ta zo ba. Zura sanda, ɗaura boris biyu ba tare da ka ƙulle ba, ka saita ganga tazararta ta zama ɗaya ta kowane gefe, ka juya da hannu ka saurara ko tana taɓa wani wuri. Sai ka ɗaure ƙafafun boris, sannan sukurun zobe, sannan na ganga. Sukuru yana zama a kan shafaffen gefen sanda ko a kan ki, wato ɗan ƙarfen da ke zama a cikin tsagar sanda, ba a kan zagayen ba. Idan boris ɗin mai zoben kulle ne wanda ake murɗawa, ana murɗa shi ta ɓangaren da sanda ke juyawa, don aiki ya riƙa ƙara ƙulle shi. Ƙarfin ɗaurin kowane sukuru yana cikin takardar da ta zo da kayan, ka bi ta.

Fuli biyun su hau layi ɗaya. Aza doguwar rula ko zare a fuskokinsu ya taɓa wuri huɗu. Amma idan kaurin bakinsu ya bambanta, kamar yadda yake a fulin da ake buɗewa, tsakiyar ramukan za ka daidaita. Sa fulin ganga kusa da boris gwargwadon iko, domin duk nisan da ya yi waje ƙarin nauyi ne a kan boris. Ɗaurin bel yana da ma'auni: idan ka danna tsakiyarsa da ƙarfin da masu yin bel suka ƙayyade, ya lotsa inci 1/64 a kowane inci na tazarar da ke tsakanin fuli biyu, wato kimanin milimita 16 a kowace mita. Tazarar inci 16 ke nan lotsawar rubu'in inci. Akwai ɗan ma'auni mai sifirin da ake yin wannan da shi, ya kamata ya kasance cikin jakar duk mai wannan aiki. Ɗaurin da ya dace shi ne mafi sassauci da bel ba zai sulɓe ba a cikakken aiki. Idan bel biyu ne a jere, a canza su tare.

Tayar da ita

A nan ake gane ko aikin ya yi. Cire kwalin da ka toshe bututu da shi, ƙirga kayan aikinka, sannan ka ɗan kunna fanka ita kaɗai ka kashe, ka kalli inda take juyawa. Irin wannan ganga ko da baya take juyawa tana hura iska ta hanyar da ta saba, sai dai kaɗan, shi ya sa ake ruɗuwa: mutum ya sa hannu ya ji iska ya sauka. Idan a juye take, musanya waya biyu daga cikin ukun, amma a wayoyin moton fanka kaɗai. Kada ka musanya a babban makunni, domin za ka juya kwamfaresa ma, kuma kwamfaresa irin wanda ake kira sukurol ba ya matsa gas idan yana juyawa da baya, ƙara zai yi ya yi zafi.

Auna amfiya ƙofofi a rufe, da filta a ciki. Wannan ganga tana da hali: idan ta samu iska ba tsangwama, kaya take ƙara ɗauka. Ƙofa a buɗe tana sa moto ya ja wuta fiye da yadda zai ja a aiki, ka ɗauka akwai matsala alhali babu, ko ma ya katse. Ka fito da wayoyin ta sashen wuta ka auna a can. Abin da ka samu kada ya wuce cikakken amfiyar da ke kan farantin moto. Rarar nan ta 1.15 da ake rubutawa a wasu motoci, wato ƙarin kayan da moto zai iya ɗauka sama da ƙarfinsa, ta ɗan lokaci ce, ba wurin zama ba ce. Ka kuma saita na'urar kariyar moto daidai da farantin sabon moton.

Sai yawan iska. Auna gudun ganga da takomita, auna matsin iska a bututun dawowa da na fita da manomita, ka haɗa su, ka je jadawalin fanka a littafin na'urar ka ga CFM nawa suka ba ka. Idan ta gaza, za ka ji sha'awar rufe fulin moto don ƙara gudu. Yi hattara a nan. Iska tana ƙaruwa daidai da gudu, matsi yana ƙaruwa da gudu sau kansa, ƙarfin da moto ke bayarwa kuwa da gudu sau gudu sau gudu. Ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100 yana ba ka ƙarin iska kashi 10, matsi kashi 21, amma nauyin moto kashi 33. Rabin juyi za ka riƙa yi, kana sake saita layi da ɗaurin bel, kana auna amfiya. Idan matsin ya yi yawa tun farko, matsalar tana cikin bututu: damfa, wato murfin da ke saita iska a cikin bututu, a rufe, ko filta mai tsananin kauri, ko bututu da ya lotse. Gudu ba zai buɗe su ba. Iska fiye da kima ma ba alheri ba ce, tana kwashe ruwa daga jikin kwayil ta watsa cikin bututu, ofis ya yi sanyi amma da danshi. Bayan kwamfaresa ya yi kamar minti 15 yana aiki, bambancin zafin iskar shiga da ta fita yakan kasance tsakanin digiri 8 da 12 a ma'aunin Salsiyas, gwargwadon danshin iskar.

Duk wannan bayani na fanka mai bel ne, kamar taka. Sababbin na'urori da yawa, musamman tun da Amurka ta tsaurara ƙa'idar tsimin wuta ta irin waɗannan na'urori a 2018 da 2023, suna zuwa da fanka wadda ke kan moto kai tsaye, ba bel ba fuli, ana saita gudunta daga allon lantarki. Waɗannan galibi a dunƙule ake sauya su, kuma sai an shigar da saitin gudu irin na tsohuwar.

Daga rubutu nake ba ka amsa, hannunka ne zai taɓa sandar, don haka hukuncin ƙarshe tsakanin gyara da sauyawa yana ga abin da ka auna. Inda littafin na'urarka ya saɓa da adadin da na kawo, bi littafin. Idan kuma bayan iska ta daidaita kwayil ya ci gaba da ƙanƙara, ko kwamfaresa yana wani sauti da ba ka saba ji ba, a kira mai aikin gas ya auna, domin wata biyun da ta yi da ƙarancin iska na iya barin tabo a can. Sabon bel yana saki a farkon aikinsa, saboda haka ka koma bayan awa 24 zuwa 48 na aiki, ka kashe wuta ka sa kwaɗo, ka sake duba ɗaurinsa da duk sukurun da ke kan sanda, ka taɓa boris ka ji zafinsu. Rubuta gudu, amfiya, matsin iska, lambar bel da juyin fuli a cikin ƙofar akwatin tare da kwanan wata, don duk wanda ya hau nan gaba ya samu abin da zai kwatanta da shi.